Kar ka ɗauko ampli daga Damagaram

Ƙanena na ga saƙonka, ka ce biza ta fito za ka taho Kanada karatu, kuma kana son sayen ampli, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da manyan sifiku biyu a kasuwar Dole ka taho da su saboda aikin haɗa bidiyo da kake yi a ɗaki. Don Allah kar ka yi.

Wutar NIGELEC ta Nijar volt 220 ce, ta nan Kanada 120, bakin soket ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Cajar kwamfuta ba matsala, duba jikinta za ka ga an rubuta 100-240V, amma yawancin manyan ampli wuta ɗaya suka sani, sai ka sake sayen wani transifoma mai nauyin tsiya kafin su tashi. Ga akwatin jirgi kilo 23 ne, gara ka cika shi da tufafi da yaji, kilishi kam kar ma ka fara, a filin jirgi ake ƙwacewa.

Sannan gidajen nan ba irin ginin ƙasa na Birni ba ne mai shanye ƙara, bangon katako ne da siririn allo, bas na ratsa shi har ɗakin maƙwabci, ka kunna da dare da safe mai gida na ƙwanƙwasa maka ƙofa. To ina amfanin 2000W ɗin da suke mannawa a kwali? PMPO ne, wato ƙololuwar ƙarfi ta ɗan ƙiftawar ido, talla ce kawai, RMS ake dubawa, wato ƙarfin gaske mai ɗorewa, kuma a tebur 20W zuwa 30W kowace sifika ya ishe ka har ya yi yawa.

In ka iso nemi ƙananan sifiku masu ampli a cikinsu, ka jona da kwamfuta shi ke nan. In kuma ka samu marasa ampli sai ka haɗa da ƙaramin ampli irin wanda ake kira class D, amma ka duba lambar ohm da ke jikin sifikun, 4 ne ko 8, ya dace da amplin. Na hannu suna nan birjik a shafukan saye da sayarwa na Kijiji da Facebook Marketplace, musamman wajen 1 ga Yuli da mutanen Montreal ke sauya gida.

Yadda za ka ajiye sifikun ma ya fi tsadarsu muhimmanci wallahi. Su daidaita da kunnenka, tazarar da ke tsakaninsu daidai da tazararsu da kai, ka ɗan janye su daga bango, ka sa soso a ƙasa kar tebur ya riƙa rawa. Darasin Zoom kuwa abin kunne mai makirfo za ka sa, in ba haka ba muryar malam za ta riƙa komawa masa.

Kuɗin ka riƙe na rigar sanyi. Ka gaida su Inna.