Ka sauka a bakin ruwan, amma kada ka kwance kayanka duka

Ƙanena,

Saƙonka ya iso, har da hotunan. Ka ce ka sami gurbin digiri na biyu a nan Liverpool, za ka iso a Satumba, kuma ka hango wani fulat a Albert Dock, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke bakin kogi, irin wanda ake bai wa baƙi da gado da kicin da tukwane, kai ka dafa wa kanka. Kana tambaya ko ka kama shi na shekara guda ka huta da yawon neman gida. To ka kama shi na mako biyu ko uku. Fiye da haka ban ba ka shawara ba, kuma ni ma a irinsa na fara sauka, ba ji na yi a bakin wani ba.

Hoton bai yi maka ƙarya ba, wurin ya haɗu. Sai dai ka san abin da za ka kwana a cikinsa. Sito ne. A 1846 aka buɗe shi don ajiye kayan da jiragen ruwa ke saukewa, su auduga da shayi da taba da sukari. Injiniyan da ya tsara shi, Jesse Hartley, gobara yake tsoro, shi ya sa ya gina shi da jan bulo da dutse da ƙarfe, bai ɗora nauyin ginin a kan katako ba. An rufe tashar a 1972, laka ta cike ta, sai a shekarun 1980 aka gyara aka mai da ita gidajen tarihi da wuraren cin abinci da gidajen kwana. Wanda ya gina wa buhun auduga ɗaki bai yi tunanin ko buhun zai ji sanyi ba.

Sanyin nan shi ne abin da kyamara ba ta ɗauka. Iska tana tasowa daga teku ta biyo kogin Mersey, babu abin da ke tare ta sai tagarka. Rufin ɗakin dogo ne, in ka kunna hita zafin sai ya haye sama ya bar ka a ƙasa da bargo. Da safe za ka tarar gilashin taga ya yi gumi, ruwa na gangarowa. Na taɓa shanya riga a ɗaki ta kwana biyu ba ta bushe ba, sai wari da ta ɗauka. Kuma da yake hukuma ta sa ginin cikin waɗanda ake karewa saboda tarihinsu, mai gida ba ya da ikon ya cire tsohuwar taga ya sa ta zamani sai da izini. A Satumba ba za ka gane ba. Sai Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Don haka tun kafin ka biya ka tambaya a rubuce: kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki suna ciki, ko akwai iyakar da in ka wuce za a caje ka daban? Ka kuma tambayi intanet, don kaurin bangon nan yana cinye sabis.

Daren da na iso babu wanda ya tarbe ni. Ba otal ba ne, babu mai gadi a tebur. Makullin yana cikin ɗan akwatin ƙarfe a jikin bango, lambar buɗe shi kuma tana cikin imel, wayata kuwa ba ta da layin ƙasar. Haka na ja akwatuna biyu a kan tsoffin duwatsun da aka shimfiɗa a harabar, tayar ɗaya ta tsinke, ina neman inda zan sami intanet. Ka rubuta lambar da adireshin a takarda ka sa a aljihun gaba kafin ka hau jirgi.

Kicin ɗin shi ne ribar wurin, ban musa ba. Baƙon da ke dafa wa kansa a makon farko ya tsira da kuɗinsa da cikinsa. Amma murhun da za ka tarar mai yiwuwa irin mai aiki da maganaɗisu ne. Tukunyar alminiyon da na sha wahalar ɗaukowa na ɗora ta minti goma, ruwan ko ɗumi bai yi ba, sai ƙyaftawa murhun ke yi. Ba lalacewa ya yi ba, tukunyar da maganaɗisu ke kamawa kawai yake karɓa. Sannan ga ƙararrawar hayaƙi a silin. Ka soya abu mai ya ɗan ƙone, sai ta tashi, a wasu gine-ginen har ta tayar da na maƙwabta. Ka kunna fankar zuƙe hayaƙi kafin ka ɗora mai, kuma kada shaiɗan ya raya maka ka rufe ƙararrawar da leda. Unguwa ce ta 'yan yawon buɗe ido, sayayyar kirki sai ka taka zuwa cikin gari ka dawo da jakunkuna a hannu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babban dalilina takarda ce. A idon dokar Ingila, wanda ya kama irin wannan fulat na ɗan lokaci baƙo ne mai hutu, ba ɗan haya ba. Ɗan haya na gaskiya, kuɗin ajiyar da ya bayar ba ya wuce hayar mako biyar, kuma dole mai gida ya zuba su a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Baƙo mai hutu ba ya da wannan kariya. Ranar da kwanakinka suka ƙare, in wani ya riga ka kama na gaba, sai ka tattara. Farashin ma ba ya zama wuri ɗaya, ƙarshen makon da ake wasa a filin ƙwallo na Anfield sai ya yi tsalle. Banki kuma zai nemi adireshinka, rasidin kwana goma ba lallai ya gamsar da shi ba; wasiƙar da jami'a za ta rubuta maka ita ce ta fi aiki, ita ma tana son adireshin da za ka daɗe a cikinsa.

Jami'ar kuma tana kan tudu, tafiyar kusan rabin sa'a ce a ƙafa daga bakin ruwan, hawa ne ba gangara ba, sau da yawa cikin yayyafi.

Abin da nake so ka yi: ka kama kwana 14 ta kamfanin da ke riƙe kuɗin a hannunsa, mai ba da damar fasawa, kada ka tura wa wani kuɗi kai tsaye don ya ce zai rage maka. Ranar da ka shiga ka ɗauki bidiyon ɗakin, har da tabon da ke kan kujera, don kada a ɗora maka ɓarnar da ka tarar. Washegari ka je ofishin masaukin ɗalibai na jami'a, ka fara zagayen duba ɗakuna da idonka. In ka sami na dindindin, ka karɓi takardar shaidar ɗalibta ka kai wa ƙaramar hukuma, don ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biyan harajin gida.

A cikin makonnin nan kuwa ka more wurin. Ka fita da sassafe kafin baƙi su cika harabar, ka ga yadda kogin ke cika ya janye sau biyu a yini. Ka taka arewa ka ga sabon filin ƙwallon Everton, wanda shirin gina shi yana cikin abubuwan da suka sa UNESCO ta cire garin daga jerin wuraren tarihi na duniya a 2021, bayan ta sa shi a 2004. Babban akwatin dai ka bar shi a ɗaure bakin ƙofa.

Ka turo min lambar jirgi da lokacin saukarsa. Tukunya kada ka ɗauko, ina da wadda murhun ke karɓa.

Yayanka.