Tambaya da Amsa: Agogunan Ko-ta-kwana da Daidaita Tayar Jirgin Haɗin Gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin koyar da aikin ƙarfe da injuna ne, kuma shekara biyu ke nan ni da abokaina uku muna harhaɗa ƙaramin jirgin sama mai ɗaukar mutum biyu, wanda muka sayo sassansa a akwatuna daga waje. Yanzu mun iso kan allon da ke gaban matuƙi. Mun riga mun sayi na'urar zamani mai fuska irin ta kwamfuta, wadda take nuna gudu da tsayi da karkatar jirgi da alƙibla duk a wuri guda. Ɗaya daga cikinmu ya dage sai an ƙara tsofaffin agoguna masu allura a gefe, mu kuwa muna ganin asarar kuɗi ce da ƙarin nauyi, tunda ga waya mai GPS a aljihun kowa. Wane ne da gaskiya? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin naku yana da gaskiya, sai dai gaskiyar tasa ba ta cika ba, domin jera agoguna a allo kaɗai ba ya ba jirgi madogara ta biyu. Game da kowane agogo da kuke shirin saya, ku tambayi kanku ko abin da zai kashe na farko zai bar na biyun da rai. Na'urar taku tana shan wuta daga batir da altaneta, tana kuma samun labarin iska ta wasu siraran bututai guda biyu. Duk agogon da ya rataya ga wannan wuta ko ga waɗannan bututai, ranar da suka sami matsala tare za su yi shiru, ko kuma su haɗu su yi wa matuƙi ƙarya da baki ɗaya, wanda shi ya fi muni.

Bututu na farko yana leƙowa ne daga ƙarƙashin fiffike, bakinsa na fuskantar gaba don iska ta riƙa dukansa. Ana kiransa bututun Pito, da sunan injiniyan Faransa Henri Pitot, wanda ya ƙirƙiro shi a 1732 domin auna gudun ruwan kogi. Na biyu yana farawa daga wata 'yar huda a gefen jikin jirgi, inda yake ɗaukar matsin iskar da ke kewaye ba tare da ta buge shi ba. Ma'aunin gudu yana gwada matsin bututan biyu ne ya fitar da bambancinsu, shi kuwa ma'aunin tsayi da na saurin hawa da sauka, hudar gefe kaɗai suka dogara a kanta. Idan bututun Pito ya toshe gaba ɗaya, ma'aunin gudu sai ya koma yana aiki kamar ma'aunin tsayi: jirgi na hawa yana rage gudu, allura kuwa tana cewa gudu ƙaruwa yake yi.

Abin da ya fi toshe wannan bututu a irin ƙasarmu kuwa kowa ya san shi, wato zanzaro. A watan Fabrairu na 1996, wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu, kuma masu bincike sun fi karkata ga cewa zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a cikin bututun, bayan jirgin ya yi kusan mako uku a ajiye. A watan Oktoba na wannan shekarar, wani jirgin irinsa na kamfanin Aeroperu ya tashi daga Lima, babban birnin ƙasar Peru, da dare, ashe masu wanke shi sun manna salatif a kan hudojin gefe sun manta ba su ɓare ba. Agogunan gudu da na tsayi suka rikice gaba ɗaya, mutum 70 suka rasa rayukansu. Waɗannan manyan jirage ne masu agoguna bibbiyu da uku-uku, amma yawan bai tsinana musu komai ba. Jirgin da zai riƙa kwana a rumfa a Gombe, inda zanzaro ke cike ramin makulli da laka cikin yini guda, tilas ne a ɗinka wa bututunsa murfi mai jan ƙyalle, a kuma leƙa cikinsa da ido kafin kowane tashi.

Batun waya ba ya buƙatar dogon bayani. GPS yana faɗin gudun jirgi ne a kan ƙasa, alhali fiffike bai san ƙasa ba, iskar da ke ratsa shi kawai ya sani. Idan jirgi yana keta iska da gudun kilomita 90 a sa'a, iska kuma tana tura shi ta baya da kilomita 30, waya za ta nuna 120, matuƙi ya saki jiki alhali saura kaɗan fiffike ya daina ɗaukarsa. Ga shi kuma waya takan kashe kanta idan zafi ya yi mata yawa, kuma ka san yadda ɗakin gilashi zai kasance a ranar Afrilu ta Gombe. Tana da amfani wajen nuna hanya, iyakarta ke nan.

Wurin da nake so ku fi tsayawa shi ne agogon da ke nuna karkatar jirgi. A rana mai haske matuƙi ba ya buƙatarsa, domin yana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan shafe wannan layi, sama da ƙasa su zama launi ɗaya, ko da babu gajimare ko ɗaya. A nan ne jikin ɗan Adam yake yaudararsa. Ruwan da ke cikin kunne, wanda da shi muke sanin tsaye muke ko a karkace, ba ya jin karkatar da ta zo a hankali, don haka jirgi sai ya kwanta gefe yana gangarawa a kewaye, matuƙi kuwa ya rantse a miƙe yake tafiya. A 1954 Jami'ar Ilinoyis ta Amurka ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agogo ba, aka hana su ganin waje, kuma dukansu jirgin ya ƙwace musu, a matsakaicin lokaci na daƙiƙa 178. Ko minti uku bai cika ba. Tun 1929, lokacin da wani matuƙin Amurka mai suna Jimmy Doolittle ya tashi ya sauka yana lulluɓe ba ya ganin waje, aka san cewa maganin wannan yaudara shi ne agogo da kuma horon yarda da shi, kuma wanda ya sayi agogon bai nemi horon ba ya sayi rabin magani ne.

Shawarata ita ce ku sa ma'aunin gudu da ma'aunin tsayi masu allura, domin matsin iska kaɗai ke motsa su, ko wutar jirgi ta ɗauke ƙaf suna nan suna aiki, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Ku ƙara kamfas na maganaɗisu, ku nisanta shi da wayoyin wuta da ƙarfe, da kuma ɗan ƙwallon nan da ke cikin lanƙwasasshen gilashi mai nuna ko jirgi yana zamewa gefe. Sannan ku nemi ƙaramin agogon karkata mai nasa batir a jikinsa, irin su Garmin G5 wanda batirinsa kan kai har sa'a 4, ku ba shi nasa fis daban. Idan da hali, kada ya fito daga kamfani ɗaya da babbar na'urar, don kada kuskure ɗaya na manhaja ya kwantar da su tare. Zafi yana cin batir, saboda haka lokaci-lokaci ku kunna shi a ƙasa ba tare da wutar jirgi ba, ku duba da agogon hannu tsawon lokacin da zai ɗauka. Domin toshewar hudar gefe kuwa, ana sa ɗan bawul a bututun kusa da hannun matuƙi, wanda in ya buɗe shi agoguna za su ɗauki matsin iskar cikin jirgi. Karatun zai ɗan kauce, amma ya fi allurar da ta sandare.

Ma'aunin tsayi ma yana da nasa tarkon. Sai an saita masa matsin iska na ranar, wanda hasumiyar filin jirgi irin ta Lawanti take bayarwa, kuma kuskuren hektofaskal 10, wato ma'aunin da ake lissafa matsin iska da shi, yana kai wa kusan ƙafa 300. Wanda ya nufi wajen duwatsun Kaltungo da Tula cikin hazo ba shi da rarar ƙafa 300 da zai yi wasa da ita.

Kada a ɗauka jirgin haɗin hannu baƙon abu ne a ƙasar nan, domin jirgin koyon tuƙi na sojojin sama da ake kira Air Beetle, wanda aka harhaɗa kusan guda 60 a Kaduna, daga samfurin RV-6A na masu haɗin gida ya samo asali. Amma kafin ku huda allon ku tuntuɓi NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wadda ita ke yi wa jirage rajista da lambar 5N, ita kuma ke da ikon cewa jirgi ya cancanci tashi.

Tambaya: Yallaɓai, ni mai faci ne, ni aka kawo wa tayoyin wancan jirgi na Tudun Wada in ɗaura. An ce sai na yi musu balans, wato in daidaita nauyinsu a kewaye, amma injinmu na mota ya ƙi karɓarsu don ƙanƙanta, ko tayar Keke Napep ta fi su girma. Taya kamar wannan, wadda ba ta minti ɗaya tana gudu a ƙasa, anya tana buƙatar wannan wahala? Daga wani mai karatu, Bolari, Gombe.

Amsa: Tana buƙata, ƙanena, kuma ƙanƙantar tata ce ma dalili. Tayar irin waɗannan jirage, mai lamba 5.00-5, tsayinta kusan inci 14 ne. A gudun kilomita 100 a sa'a, wanda a kusa da shi jirgin ke tashi da sauka, tana juyawa kusan sau 1,500 a minti, yayin da tayar ƙaramar mota a wannan gudu take juyawa kusan sau 900 kawai. Ƙarfin fizgar nauyin da ya taru a gefe ɗaya kuwa yana ninkuwa huɗu duk lokacin da juyi ya ninku biyu. Idan ka yi lissafi, rarar giram 30 a bakin wannan taya tana fizgar ƙafar jirgi da ƙarfin kusan kilo 13, sau 25 a kowace daƙiƙa. Ƙafar kuwa siririyar sandar ƙarfe ce mai lanƙwasa, ba ta da nauyin motar da zai danne girgizar, don haka sai ta bi jiki ta isa allon matuƙi, ta sassauta noti, ta gajiyar da waya da bututu, ta rage kwanan agogunan da muka gama magana a kansu.

Aikin yana farawa tun wurin ɗauri. Za ka ga jan ɗigo a gefen taya, shi ne wurin da ya fi rashin nauyi, sai ka daidaita shi da bakin bawul na tif, ko da rawayan layi idan tif ɗin yana da shi. Ka barbaɗa wa tif hoda don kada ya naɗe, ka ɗan hura shi kafin ka haɗa wilin, domin wilin jirgi ɓari biyu ne da ake ɗaurewa da noti, kuma yana saurin cizon tif. Wannan ɗaurin yana da haɗarin da wilin mota ba shi da shi: kada ka taɓa kwance notin nan sai ka cire zuciyar bawul iska ta fita duka, in ba haka ba ɓarin biyu za su tarwatse a fuskarka.

Daidaitawar kanta ba ta buƙatar inji, hanyar masu babur ta isa, tunda tayar siririya ce. Ka wanke giris daga boris, ka cire robar da ke tare ƙura don kada ta riƙe juyi, ka zura sanda miƙaƙƙiya ta tsakiya ka ɗora ta a kan madogarai biyu masu tsayi ɗaya. Ka juya tayar kaɗan ka bar ta ta tsaya da kanta, ka sa alli a saman. In ka maimaita sau uku alamar tana komawa wuri ɗaya, to nauyi yana ƙasa, sai ka manna 'yar darma a wili ta wajen alamar, da salatif tukuna, kana ƙarawa kana ragewa har tayar ta riƙa tsayawa duk inda ta ga dama. Daga nan ka goge wurin tas, ka manna darma mai gam, ka tabbatar ba ta gogar birki, sannan ka mayar da giris.

Ba kowace girgiza ba ce ta rashin balans, kuma matuƙi zai iya taimaka maka wajen bambancewa. Idan jirgi ya bar ƙasa yana rawa, ya taka birki rawar ta tsaya nan take, laifin na tayoyin baya ne. Idan ta ci gaba tana raguwa a hankali, tayar gaba ce, tunda ita ba ta da birki. Wadda kuwa take kaɗa kai hagu da dama a ƙasa, a duba iskar taya da boris da notin da ke riƙe da ƙafar gaba, domin darma ba ta warkar da ita. Haka nan tayar da ta cinye a wuri ɗaya saboda birki mai ƙarfi, ko wadda ba ta zagaye daidai ba: ka kafa ƙusa kusa da ita ka juya, in tazarar tana buɗewa tana rufewa sosai, canji take so. Duk ranar da ka yi mata faci ko ka sauya tif, ka ɓare tsohuwar darmar ka sake aikin daga farko.