Zancen zuci ko dogon jawabi?

Tambaya: Malam, a wasan kwaikwayo kullum ina rikita zancen zuci da dogon jawabi, meye bambancinsu? Ɗaliba daga Fagge.

Amsa: To ƙanwata, duba mai sauraro kawai. In gwaggo ta zaunar da amarya tana ta zuba mata nasiha ba mai katse ta, dogon jawabi kenan. Amma maigida shi kaɗai a zaure yana murza hula yana lissafin bashin da ya sha masa kai, mu 'yan kallo kaɗai ke ji, zancen zuci ne. Akwai kuma wani salo na uku, ni dai a wurina shi ya fi ban dariya: bafade yana ta ranka ya daɗe, sai ya juyo wajenmu ya kare baki ya ce "marowaci!", sarki kuwa wai bai ji ba.