Amsa ga mai tambaya kan fiɗiye zomon ɗanta

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Wannan fesa fitsarin da kika ce zomon ɗanki ya tsira, da cizon ɗan'uwansa, har maƙwabta na cewa a kai wa mai dandaƙar bunsuru, haka tamu ta faro sak. Don girman Allah kada ki kai shi.

Namu fari ne mai jan ido, na autana, a kafaɗa yake yawo da shi. Wani mutum da ke yi wa awaki dandaƙa ranar kasuwa a nan wajenmu, gefen Ringim, ya ce wai wanda ya iya bunsuru ai zomo abin wasa ne. Reza ya sa, ba allurar kashe zafi ba komai, yaron na tsaye yana kallo. Sai ranar na san zomo yana ihu. Ya barbaɗa toka, ya karɓi kuɗinsa ya soke a aljihu. Kafin magariba wurin ya kumbura suntum, da safe hanji ya leƙo. Maigida ya je ya same shi, buɗar bakinsa sai cewa "Alhaji kwanansa ne ya ƙare, ku yanka ku yi farfesu tun da ransa." Har da dariya fa! Ko sannu bai aiko wa yaron ba, yaron da ya kwana tsugune bakin keji yana tura masa ganyen dankali. Har yau in na hango shi a kasuwa sauya hanya nake. Na bar shi da Allah.

Daga baya wani likitan dabbobi ya yi mana bayani: ƙofar da marainan zomo ke saukowa daga ciki a buɗe take zama, shi ya sa in ya tsorata yake janye su sama. In aka yanke ba a ɗinke ƙofar ba, hanji na iya biyowa.

To in lallai sai an yi, likita na gaske, kuma ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yi wa zomo, don allurar barci ta fi yi musu haɗari a kan kare da kyanwa. A bari ya kai wata 4 zuwa 5. Kada wani ya ce a hana shi ci kafin aiki, zomo ba ya amai, kuma zaman yunwa tsayar masa da ciki yake. Bayan aiki in ya wuni bai ci ba bai yi kashi ba, a koma da shi. Ampiclox ɗin nan da muke fasa wa kaji a ruwa, kul, kashe zomo yake. Ki guji yin aikin da damina saboda ƙuda da tsutsa. Af, kuma yana iya yi wa mace ciki har sati 6 bayan aikin.

Macen kuwa da kika ambata, aikinta ya fi girma, ciki ake buɗewa a cire mahaifa. Gaskiya ne in sun haura shekara 3 ko 4 da yawansu na kamuwa da dajin mahaifa, amma ni dai ba zan yarda a yi a ƙauye ba, sai cikin birnin Kano ko asibitin koyarwa na dabbobi da ke Zariya.

Ni yanzu raba su na yi, kowane namiji da ɗakinsa, faɗa ya ƙare. Fitsarin dai yana nan, sai haƙuri. Macen ma nesa da su, tunda cikinsu kwana 31 ne kuma ranar da ta haihu za ta iya ɗaukar wani. Wayar keji ta yi tsada, na sani, kafinta ma sai ya ga dama. Amma ki sa ya ɗaga kejin daga ƙasa, ki tsoma ƙafafunsa a gwangwanin ruwa, don tururuwa da ɓera ba sa barin jarirai. Wane gari kike ma tukuna?