Amsa ga ɗana kan rubuta wasiyya tun da sauran ƙarfi

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso ni tun shekaranjiya, ban amsa nan take ba don maganar ba ta tsaye ba ce. Ina gaida mai ɗakinka, a shafa mini kan yaran.

Ka ce kana so ka rubuta wasiyya ka kuma ga lauya, amma da ka furta sai aka yi maka caa. Wasu suka ce fatan mutuwa kake yi wa kanka, wasu suka ce Allah ya riga ya raba gado, me kuma za ka ƙara. Ka kuma tambaye ni ko rashin kunya ne ka taɓo wa babanka maganar tasa wasiyyar. Na ji daɗi ƙwarai da ka tambaya, don ni ma na daɗe ina cikin masu shirun nan, kuma na ga abin da shirun ya jawo wa gidaje.

Maganar fatan mutuwa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka shekarar hajjin ban kwana, har ya cire rai da tashi. A lokacin 'ya ɗaya gare shi. Ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya yi wasiyya da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, aka ce a'a. Ya ce rabi, aka ce a'a. Aka tsaya kan sulusi, aka ce masa shi ma sulusin da yawa, kuma ya bar magadansa a wadace ya fi ya bar su suna miƙa wa mutane hannu. To Sa'ad ya warke, ya ƙara fiye da shekara 40 a duniya, ya haifi 'ya'ya da yawa. Wasiyya ba ta matso da ajalin kowa ba. Abdullahi bin Umar kuwa shi ya ruwaito cewa bai kamata Musulmi mai abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba, kuma ya ce tun da ya ji wannan bai ƙara kwana ba sai da tasa a ajiye. Ka ga rubutawar ce ma take da asali a addini. Shirun, mu muka ɗora wa kanmu saboda tsoro da nauyin baki.

Masu cewa Allah ya raba gado sun faɗi gaskiya, sai dai ba su kai maganar ƙarshe ba. Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, ta yanka wa kowa rabonsa. Mata tana da ɗaya cikin takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya cikin huɗu in babu. Miji yana da ɗaya cikin huɗu ko rabi. Uwa tana da ɗaya cikin shida in mamacin ya bar ɗa. Ba mai taɓa wannan, kuma wanda yake da rabo a gado ba a yi masa wasiyya a kan rabonsa sai in sauran magada sun yarda. Amma ka koma ka karanta ayoyin biyu na farko a tsanake. Sau huɗu ake maimaita cewa rabon sai bayan an fitar da wasiyya ko bashi. Ayar ta gaya mana yadda za a raba, amma ba za ta gaya wa masu rabo mene ne naka, mene ne na mutane a hannunka, wa kake bi, wa ke bin ka ba. Wannan kai kaɗai ka sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A duk zaman rabon gadon da aka taɓa kira na, ban ga an yi rigima kan lissafi ba. Malamin da ya san fara'ili, wato ilimin rabon gado, kafin a yi la'asar ya gama bugawa. Rigimar kullum tana wajen tantance abin da za a zuba a faifan. Bari in ba ka labarin wani aminina, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai gaskiya, ɗan kasuwa, ya faɗi rana ɗaya bai ƙara magana ba. Bayan an share makoki muka zauna a ɗakinsa aka jawo akwatin takardu. Abin da muka samu wani ƙaramin littafi ne da bangonsa ya yage, shafi bayan shafi na lambobi da farkon sunaye, wani an ja masa layi, wani ba a ja ba. Ba wanda ya san ko layin yana nufin an biya ko an yafe. Wayarsa na kan tabarma a kulle, tana ta ƙara, ba mai lambar buɗewa. Wani bawan Allah ya zo ya durƙusa ya ce rabin kayan da ke shagon nasa ne, ajiya ya kawo a sayar masa, ba takarda ba shaida. Babban ɗan ya dube shi ya ce bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na uwargidansa. Daga bayan labule ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, gwal ɗinta ta sayar aka yi rufin gidan, kuma marigayin ya ce zai mayar mata. Na san gaskiya ta faɗa, don ya taɓa gaya mini a hira. Amma ni kaɗai ne, kuma 'ya'yan ɗayan ɗakin suka ce ba su san zancen ba. Da layi biyu ya rubuta ya sa hannu, da matar nan ba ta tsaya tana rantsuwa gaban yaran da ta goya ba. Yau 'yan ɗakunan nan biyu ko a hanya suka haɗu sai dai kowa ya kau da kai. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma mu sai mu riƙa jin kunyar cewa ɗan'uwa ya sa hannu.

Saboda haka abu na farko a takardarka shi ne bashi da amana, tun kafin ka zo kan kyautar da za ka bar wa wani. Ka rubuta wanda ke bin ka da wanda kake bi, da cikakken suna da adadi da ranar. Ka rubuta abin da ke hannunka wanda ba naka ba ne. In akwai ragowar sadakin matarka, ko kuɗinta da ya shiga gini ko jari, ka bayyana, bashi ne kamar kowane bashi. In kun haɗa hannu da wani kun sayi fili ko mota, a san kason kowa, musamman in takardar sunan mutum ɗaya ta ɗauka. Asusun banki da duk abin da ke ajiye a waya ko intanet, a san suna nan, a kuma san inda ka ajiye hanyar isa gare su.

Sai sulusin. Mutane sun ɗauka na gina masallaci ne kawai, alhali babban amfaninsa yana cikin gida. Ka ɗauki mutumin da ɗansa ya riga shi rasuwa ya bar ƙananan yara. In kakan ya cika yana da wasu 'ya'ya maza a raye, jikokin nan marayu ba su da komai a gadonsa, baffanninsu sun kare su. Wasiyya ce ƙofar da aka bar masa ya share musu hawaye. Abin ya damu masana har Masar ta yi doka a 1946 ta wajabta wa irin waɗannan jikoki wani kaso daga cikin sulusi ko da kakan bai rubuta ba. Haka agola, da ɗan riƙon da ya tashi a hannunka, da ɗan'uwan da addini ya raba ku, da wanda ya yi maka hidima shekara da shekaru. Duk ba su gado, in ba ka ambace su ba sai dai abin da magada suka ga dama.

Akwai masu son kauce wa rabon ta hanyar kyauta tun suna raye. Kyauta halal ce, amma tana da sharuɗɗa. Bashir, mahaifin Nu'uman, ya ba ɗansa kyauta ya je neman Annabi ya shaida, aka tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya ba irin wannan. Da ya ce a'a, Annabi ya ƙi shaida, ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'ya. Sannan kyautar baki ba ta wadatar ba, sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Sayyidina Abubakar ya ba Nana A'isha wani adadi na dabino daga gonarsa, ba ta kai ga ɗiba ba ciwon ajali ya kama shi, sai ya gaya mata cewa tunda ba ta karɓa ba, yanzu ya zama dukiyar magada. Wanda ya ce "gidan nan na wane ne" amma yana ciki, takarda da sunansa, har ya mutu, rigima ya bari. Kyautar da aka yi a kan gadon ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka.

Ka tambayi tsarin nan na riƙon amana da lauyoyi ke shiryawa. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu in ka san waƙafi. Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibar, aka ba shi shawara ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonsa, kuma ya bar kulawarsa a hannun 'yarsa Hafsa. Na lauyoyin ma ƙafa uku gare shi: mai dukiya, da amintaccen da aka damƙa wa riƙo, da wanda zai amfana, bisa sharuɗɗan da aka rubuta. Ga mai ƙananan yara irinka, ko mai ɗa da ke da lalurar da ba zai iya riƙe kansa ba, yana da amfani sosai. Ana iya cewa kuɗin makaranta da magani su riƙa fita, sauran a tsare sai yaro ya yi hankali, kamar yadda aya ta 6 a Nisa'i ta ce a jarraba marayu, in an ga shiriya a miƙa musu dukiyarsu gaban shaidu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da tsarin dabarar hana 'ya'ya mata ko wani ɗaki haƙƙinsu. Kuma ka yi dogon tunani kan wanda za ka damƙa wa. Tsoron Allah kaɗai bai isa ba in mutum bai iya lissafi da ajiye takarda ba, iya lissafi kuma bai isa ba in ba tsoron Allah. In so samu ne su zama biyu, ka kuma nemi yardarsu tun yanzu, kada su tsinci sunansu a takarda ranar makoki.

Lauya kuwa ka je, kada ka ji wai. Dalili shi ne banki da ofishin filaye da kotu dokar ƙasa suke bi, kuma kowace ƙasa da tata. A Ingila, dokar 1837 ta ce sai an sa hannu gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, shaidan da aka yi wa wasiyya ya rasa abin da aka ba shi, kuma sabon aure yana rushe tsohuwar wasiyya. A Faransa doka ce ke tsare wa 'ya'ya kaso: rabi in ɗa ɗaya ne, biyu cikin uku in biyu ne, uku cikin huɗu in sun kai uku. A wurare da yawa, wanda ya mutu ba wasiyya dokar ƙasar ce za ta raba, ko ta dace da addininsa ko ba ta dace ba. Shi ya sa mai dukiya a ƙasar da ba tasa ba ya fi kowa bukatar rubutawa. Ka tambayi lauyan kuma matsayin sunan da ka cika a fom ɗin banki ko fansho ko inshora, don mutane da yawa sun ɗauka wanda suka rubuta a matsayin na kusa shi ne mai dukiyar, alhali sau da yawa wanda za a tuntuɓa ne kawai. Ka fara zama da malami masanin gado ya duba maka abin da ya halatta, sannan lauya ya zuba shi yadda kotu za ta karɓa. Duk sanda aka yi haihuwa, ko aure, ko rasuwa, ko ka sayi wani abu babba, ka ɗauko takardar ka sake dubawa.

Na babanka shi ne mai nauyi, kuma na fahimci abin da kake gudu. In ɗa ya tashi ya ce wa uba ya lissafa dukiyarsa, kunnen uban abu ɗaya zai ji, ko da ɗan da zuciya ɗaya ya faɗa. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba, amma yadda aka faɗe shi ne ke sa a karɓa ko a ƙi. Ka fara gama taka. Ka kai masa ita ka ce ya duba maka, ya sa maka albarka, ka gaya masa inda ka ajiye. Kada ka ce masa komai game da tasa. In har magana ta kawo, ka tsaya kan bashi da ajiyar mutane kawai, don ba dattijon da yake son a binne shi da haƙƙin wani a wuya. Kuma kada ka yi shi a ɓoye da 'yan'uwanka, mata da maza, kada gobe a ce kai ka zauna da tsoho ka tsara masa.

Sauran ka bar mini. Ƙanina ne, abin da zai yi maka nauyi ni ba zai yi mini ba. Tawa tana rubuce tun bayan rasuwar aminin nan nawa, zan ɗauke ta in tafi da ita in mun haɗu in karanta masa, in ce ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka san inda take. In ka sa ranar ganin lauyan ka sanar da ni, akwai tambayoyi biyu kan riƙon yara da nake so ka yi masa. Allah ya yi maka albarka, ya raya mana zuri'a.

Baffanka.