Tambayoyin da aka ce "za a duba"

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Duk ƙarshen wata muna zama a makarantar firamare bayan la'asar. Jama'a su yi ta tambaya: ina kuɗin da aka tara na gyaran taransifoma, yaushe hukuma za ta yi mana kwalbati, wa ke biyan 'yan sintiri? Shugaba ya ce "za a duba", magariba ta yi, a watse. Yanzu masu zuwa ba sa cika benci uku. Yaya zan yi?
Daga wani sakatare, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Maganin yana cikin littafin taron da ke hannunka. Ka ware shafukan ƙarshe. Duk tambayar da aka tashi ba a amsa ba, ka rubuta ta da ranar da aka yi ta, da sunan wanda zai nemo amsa. Mutum ɗaya nake nufi, ba kwamiti ba, don kwamiti ba shi da gidan da za a je a yi masa sallama. A zama na gaba, da an shafa addu'a, da wannan shafin za a buɗe. In ka bari sai ƙarshe, ladan zai sake ceton masu laifi.

Amma kafin nan ka sami shugaba a gida, ku biyu, ka nuna masa tsarin. Dattijo ba ya son a ba shi mamaki a gaban jama'a.

Ka tuna masa kuma cewa "ban sani ba" amsa ce. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki, girmansa bai ragu ba. Wanda aka ce wa "ba mu sani ba, amma Alhaji zai bincika kafin wata mai zuwa" zai dawo. Wanda aka ce wa "za a duba" sau uku, ya gane an sallame shi ne.

Zancen kwalbati ba a hannunku yake ba, kada ku ɗora wa kanku. Ku rubuta wa ƙaramar hukuma takarda, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa hukumar gwamnati kwana 7 ta amsa wa mai neman bayani. Ban ce kullum ana bin ta ba, amma takarda mai hatimi ta fi "mun gaya wa kansila".

Tambayar kuɗin taransifoma ita ce ta dame ni. Wannan ba rashin sani ba ne, akwai wanda ya san amsar, kuma ina kyautata zaton ita ta kwashe muku mutane. Magidancin da ya cire daga kuɗin cefane ya bayar, ya tambaya aka yi shiru, ba zai yi rigima ba. Zai daina zuwa, ya kai zancen majalisar mai shayi, can kuwa har wanda bai ci ba sai an ce ya ci. Ma'aji ya zo da rasit, ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, naira da kwabo. In akwai giɓi, a faɗe shi a ranar, mai unguwa na zaune, a yanke yadda za a cike shi da lokacin da za a gama.