Bayan Jumong da Dae Jang Geum, Wane Fim Ya Kamata In Kalla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli Jumong da Dae Jang Geum tun zamanin da ake sayar da su a faifai, kuma har yau ban samu wanda ya kama mini zuciya kamarsu ba. Ina neman shawara kan fina-finai masu dogon zango na Koriya ko na Sin, masu labari mai ma'ana, waɗanda zan iya kallo tare da ƙannena ba tare da jin kunya ba. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Fina-finan nan biyu da kika ambata duka na tarihi ne, duka tashar MBC ta Koriya ta Kudu ce ta shirya su, Dae Jang Geum a 2003 mai kashi 54, Jumong kuma a 2006 mai kashi 81, kuma dukkansu labari ne na wanda aka raina ya tashi daga ƙasa har ya kai ƙololuwa. Wannan ya nuna mini cewa labarin fada, dabara da juriya kike so, saboda haka shawarata za ta fi karkata can, ba ga soyayyar zamani da ta cika kasuwa ba.

A ɓangaren Koriya, mafi kusa da abin da kika saba shi ne Dong Yi na 2010, mai kashi 60, domin daraktan Dae Jang Geum, wato Lee Byung-hoon, shi ne ya ba da umarninsa. Labarin baiwa ce a fadar daular Joseon wadda ta zama matar Sarki Sukjong, ta haifi Yeongjo, sarkin da ya fi kowa daɗewa a karagar daular, daga 1724 zuwa 1776. Yana da sauƙin bi, yara ma za su fahimce shi. Sai dai a ganina Queen Seondeok na 2009, mai kashi 62, ya fi shi nauyi. An gina shi a kan mace ta farko da ta hau gadon sarauta a Koriya, wadda ta mulki tsohuwar daular Silla daga 632 zuwa 647, ko da yake marubutan sun ƙara gishiri sosai. Ƙarfinsa yana wajen abokiyar gabarta, Mishil, wadda Go Hyun-jung ta fito a matsayinta: mace mai magana a hankali, mai murmushi, wadda fada duka ke tsoro. Wuraren da su biyun suke zama suna muhawara kan yadda ake riƙe talakawa, ko da tsoro ko da fata, sun fi yaƙe-yaƙen fim ɗin armashi.

Amma in har guda ɗaya tak za ki ɗauka daga wannan amsa, to ki tsallaka Sin ki ɗauki Nirvana in Fire na 2015, mai kashi 54. An yi wa wata runduna mai sojoji 70,000 ƙazafin tawaye aka hallaka ta, sai ɗan kwamandanta ya tsira da kyar, jinya ta sauya masa kamanni ta kuma cinye masa ƙarfi. Bayan shekara 12 ya dawo babban birni da sunan Mei Changsu, mara lafiya mai yawan tari, ba shi da makami sai ƙwaƙwalwa. A fili yana ba wa wani yarima shawara, a ɓoye kuwa yana share wa Yarima Jing hanya, amininsa na ƙuruciya wanda sarki ya yi watsi da shi, kuma wanda bai gane shi ba, har yana ƙyamar sa a matsayin maƙirci. Nan zafin labarin yake. Jarumi Hu Ge ya riƙe rawar Mei Changsu da natsuwa, kuma babu wani abin sunkuyar da kai a gaban ƙanne. Sharaɗinsa ɗaya ne: kashi biyar na farko cike suke da sunaye da muƙamai, don haka a kalle su ba tare da waya a hannu ba, domin abin da aka shuka a farko sai can gaba ake girbe shi.

Wannan jan haƙuri ɗabi'a ce ta fina-finan tarihin Sin gaba ɗaya, kuma ya fi fitowa a The Story of Minglan, wanda aka fara haskawa a ƙarshen 2018, mai kashi sama da 70. Zhao Liying ta fito a matsayin 'yar ƙwarƙwara a gidan wani ma'aikacin gwamnati a zamanin daular Song, wadda mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa, kakarta ta rene ta, ta kuma koyi ɓoye basirarta don ta tsira. Kishi tsakanin uwargida da mowa, fifiko tsakanin 'ya'ya, neman miji da rigimar gado, duk mai kallo Bahaushe zai gane su ba sai an yi masa bayani ba. Tafiyarsa a hankali take, amma ba banza ba.

Akwai kuma Empresses in the Palace na 2011, mai kashi 76, wanda Sun Li ta fito a matsayin babbar jarumarsa a fadar Sarki Yongzheng na Sin. Gwaninta ta kai gwaninta, sai dai guba, zubar da ciki da cin amana sun yi yawa, don haka ki bar shi sai ƙananan sun kwanta.

Idan kuma kina son hutawa daga fada, Reply 1988 na tashar tvN, mai kashi 20, labarin gidaje biyar ne a lungu ɗaya na unguwar Ssangmun-dong a Seoul, a shekarar da birnin ya karɓi gasar Olamfik, inda ake aika yara da kwanon abinci daga wannan gida zuwa wancan. Iyayen sun fi matasan taɓa zuciya. Ki sani dai akwai shan giya a cikinsa, kamar yawancin fina-finan Koriya na zamani, da 'yan wuraren soyayya da za ki so tsallakewa. Squid Game kuwa, duk da sunan da ya yi a 2021, kisa ne tsagwaronsa, bai dace da zaman da kika kwatanta ba.

Ana samun waɗannan a Netflix, Viki ko YouTube, gwargwadon ƙasar da mutum yake. Ki nemi cikakke mai fassara a rubuce, ki guji wanda aka datse, musamman Empresses in the Palace, wanda aka taƙaita zuwa kashi shida domin masu kallo a Amurka.